Aninin Kaka a Littafin Wani Bamisire

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya Inna da ciwon ƙafarta? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan unguwar Abbasiya lafiya lau, karatu sai godiya.

Ka tuna aninin nan mai huji da Kaka ta ɗaura mini a makulli? Ran Asabar na shiga shagon wani dattijo Bamisire mai sayar da tsofaffin kuɗi, idonsa ya faɗa kansa. Ya sauko da ƙaton littafi mai hotunan kuɗin farkon zuwan Turawa, ya yi ta buɗawa. Sai ga aninin namu, da tauraronsa da rubutun Larabcinsa! Ya auna shi a tafin hannu, ya ce rashin nauyin nan alamar bugun farko ce, kuma tunda yake bai taɓa riƙe irinsa ba sai yau. Wallahi Yaya! Abin da muke wasa da shi a tsakar gida! Ya ce in sayar masa, na ce ma'alish, ya yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne.

Don Allah kada ka ba 'yan jari-bola gwangwanin kuɗin Kaka, adana shi sai na dawo.

Inna ta sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza