Akurkin Baffa a Demsawo

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Dalilin rubuto miki shi ne, jikanki ya turo masu aiki su zagaye mini baranda da ragar hana sauro. Suna buga ƙusa ina dariya ni kaɗai, har suka fara kallon juna.

Kin tuna shekarar da aka dawo da mahaifinmu Baffa aiki Jimeta daga Maiduguri, muka sauka unguwar Demsawo, lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas? Damina na sauka sauron Binuwai ya yi mana maraba. Zazzaɓi ya kwantar da ƙanena Hamidu har kika daina cin abinci. Da yaron ya tashi, Baffa ya yi alwashin sauro ba zai sake taɓa masa ɗa ba. Wai ya ga dabarar a gidan wani Bature: rumfa zagaye da ragar waya, iska na shiga, sauro na kallo daga waje.

Kika dubi katakon da aka sauke a tsakar gida kika ce, "Ban taɓa ganin mai hankali ya gina wa kansa akurki ba."

Ranar aikin, Baffa ya kai kujerarsa tsakiyar rumfar ya zauna yana ba da umarni. Duk inda ya hango 'yar kafa sai ya sa a toshe. Kafinta ya so ya yi magana, Baffa ya ce masa aiki ya kawo shi, ba shawara ba. Da la'asar ta gabato ya miƙe zai yi alwala. Ya zaga, ya sake zagawa. Babu ƙofa.

Ban manta abin da kika yi ba, Dada. Kika kira kafintan gefe, kika dama masa fura da nono, kika ce ya sha a natse, mai gidan ba inda za shi. Sai da ya shanye sannan ya fitar masa da ƙofa.

Labari ya kai unguwar Yolde Pate, wurin Goggo, yayar Baffa, cewa ƙaninta ya fara kiwo. Sai ga ta da kaji biyu da zakara, gudummawa. Baffa ya durƙusa ya karɓa, har da godiya. Kika shige madafa, muna jiyo tarinki, alhali ba ki hura wuta ba.

Amma kafin kaka, tabarmarki ta riga ta koma ciki. Nan kike tsintar shinkafa, nan kike mana kitso, Hamidu na barci a cinyarki. Wata rana akuyar maƙwabta ta huda ragar da ƙaho. Na same ki durƙushe da allura da zare kina ɗinkewa da sauri kafin magariba. Kika ɗago kika ce kada in kuskura Baffa ya ji.

Ban faɗa ba, Dada. Har ya bi ki bai ji ba. Hamidu kuwa yanzu da furfurarsa da jikokinsa, ya ce in gaishe ki.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi, Ya gafarta miki ke da Baffa, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
Asma'u