Kisrar da Inna ta ƙi

Laraba da dare, unguwar Alhilla Kuku

Na gaji tilis. Awa biyu ina jiran mota a kasuwar Suk al-Shabi, na iso gida kuma na tarar da hukuncin Inna.

Jiya na kawo mata garin sabuwar dawarmu, wadda muka shekara huɗu muna gyara irinta a ɗakin bincike don ta ƙara wa yara jini. Ta kwaɓa, ƙullin ya kwana, yau ta yi kisra, wainar nan tamu mai faɗi marar kauri. Ta yago gefe, ta shinshina, ta ajiye.

"Ya binti, 'yata, na tsufa ina yankan dawa a gonakin Jazira. Wannan ba ƙanshi, ba tsami, a kan kasko ma yagewa take."

Na ce, "Inna, na'ura ta nuna ta fi tamu ta gargajiya amfani a jiki."

"To, na'urar ta ci."

Awaki ta juye wa sauran. Na ji haushi, amma da na ɗanɗana, wallahi gaskiyarta.

Gobe Dakta, shugabanmu a ɗakin binciken, zai tambaye ni sakamako. Takardarsa tana da gurbin kowane sinadari. Babu gurbin hancin Inna, kuma ita ke dafawa.