Takardun da Suka Ƙi Tashi

Litinin

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan ƙafarta ta yi sauƙi. Tunda ka ce waya ba ta shiga kunnenka yanzu, na ba direban motar ma'aikata wannan takarda. Don Allah ka ba shi amsa gobe da safe.

Sati uku ke nan muna kwashe ma'ajiyar takardun kamfani daga tsoffin sabobi, wato na'urorin nan uku na ɗakin ƙasa masu riƙe da hotunan duk takardun da kuka yi wa sikanin, zuwa sababbi a bene na biyu. Ranar Juma'a da la'asar masu gogewa za su zo su share tsoffin tas, su loda su a mota. Kafin nan sai na sa hannu cewa komai ya iso.

Allon kwamfuta ya ce an gama, har da koriyar alama. Amma da na gwada adadin, tsohuwar ma'ajiya ta fi sabuwar da fayil ɗari biyu da goma sha bakwai. Sau uku ina maimaita kwashewar, ba su motsa ba. Na kai wa Manaja, ya yi dariya ya ce, "Cikin fayil dubu ɗari huɗu? Injiniya, ko buhun hatsi ake juyewa ai tsaba na zuba." Ni kuwa na kasa zama. Yau sau tara na sauka ɗakin ƙasa.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana kula da takardun nan kafin ka yi ritaya. Ko akwai lungun da ban sani ba?

Ka huta lafiya.
'Yarka

Talata

Zuwa ga Uwata, mai sunan mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Innarki na amsawa, ƙafa kuma da sauƙi, sai dai bakin ne bai taɓa ciwo ba.

Takardarki ta iso, sai da na karanta sau biyu, don rubutunku na 'yan kwamfuta kamar kaji sun yi dambe a kan takarda.

Manajanki bai faɗi ƙarya ba. Lokacin sikanin mukan ɗauki takarda ɗaya sau biyu in ido ya gaji. Mai yiwuwa sabuwar na'urar ta fi mu wayo, ta zubar da maimaicin. Shawarata ki sa hannu ki huta. Ba kowace tukunya ake buɗewa ba.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki

Laraba

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka yafe min, yau ba zan tsawaita ta ba.

Ba maimaici ba ne. Na gano su. Suna cikin wata folda mai suna "Jadawalin Masu Shara", an kulle ta da kalmar sirri, shi ya sa manhajar kwashewa ke tsallake ta. Ɗari biyu da goma sha bakwai cif. Wa ke kulle jadawalin shara? Na duba wanda ya ƙirƙiri foldar: sunanka ne, kwana biyu kafin ka ajiye aiki.

Ban gaya wa kowa ba. Manaja da kansa ya sauko da takardar sa hannu, har da biro a buɗe. Na ce ina gwaji na ƙarshe. Ya tsaya yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Gwajin nan naki ba ya ƙarewa ne?" Abincin rana na nan a kan tebur ban taɓa ba.

Zan iya fasa kullen, amma zai ci kwanakin da ba ni da su. Kai ka koya min kada in sa hannu a kan abin da ban karanta ba, jiya kuma ka ce in sa. Baffa, mene ne a ciki?

'Yarka

Alhamis

Uwata,

Bayan gaisuwa. Na fara wannan takarda sau uku ina yagawa, direba na ta danna min oda a ƙofar gida.

Rahotannin haɗurra ne na ɗakin injuna, na shekara goma sha tara: wanda injin matse roba ya cinye wa yatsu, wanda ya ƙone, wanda ya rasa ido. Ana saura mako in tafi, manajan wancan lokacin ya kira ni ya ce, "Malam, tsoffin takardun nan sun cika mana wuri, a ƙone su." Na ce to. Kwana biyu ina yi musu sikanin a lokacin hutun rana, na kulle su da sunan da ba wanda zai waiwaya, sannan na ƙone na takardar kamar yadda aka umarce ni.

Fayil na tamanin da takwas na mahaifinki ne, ƙanena.

An ce muku sakacinsa ne ya sa injin ya kama hannunsa. A cikin fayil ɗin akwai takardu uku da ya rubuta kafin ranar, yana kai ƙara cewa murfin kariya na injin na huɗu ya karye. Ba a gyara ba. Da hannun daman da ya rubuta su injin ya tafi. Shekara tara ya rayu ana ce masa mai ganganci, har ya fara yarda. Ni na jera takardun nan da hannuna, kuma na yi shiru. Ina da 'ya'ya bakwai, na ji tsoron kora. Ban ce wannan hujja ce ba, abin da ya faru ne nake gaya miki.

Na ɓoye su ne da niyyar wata rana zan yi magana. Ranar ba ta zo ba, sai ke kika zo. Da na ce ki sa hannu, rabi tsoron aikinki nake ji, rabi kunya.

Kalmar sirrin na bayan wannan takarda. Ki sani, in suka hau sabuwar ma'ajiya, duk wanda ya buga sunan ma'aikaci zai gan su, kuma za a san ta hannun wa suka hau. In kika bar su, gobe da la'asar shi ke nan. Ba zan ce miki ga abin da za ki yi ba, na rasa wannan bakin.

Ki gafarce ni in za ki iya.
Baffanki

Juma'a

Baffa,

Ina gaisuwa.

Na buɗe, na karanta. Na kai kowane rahoto cikin fayil ɗin mai shi, adadi ya daidaita. Kafin in sa hannu na gaya wa Manaja ko mene ne. Ya miƙe tsaye ya ce, "Kin san abin da kika yi?" Na ce, "Cewa aka yi in kwashe komai, ranka ya daɗe." Ranar Litinin da ƙarfe tara shugabannin kamfani na son ganina. An tafi da tsoffin sabobin ɗazu.

Na buga takardun Baba guda uku na kai wa Mama. Ta riƙe su ta daɗe, idonta ba ya ganin rubutu yanzu. Na ce bari in karanta mata, ta ce a'a, kai za ka karanta.

Ban huce ba tukuna, Baffa. Amma gobe da hantsi muna tafe, ni da ita. Ka nemo tabaranka.

'Yarka