Kujerar Kan Tayar Baya

Zuwa ga Yayata Lucinda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki da sanyin Manizales? Mu nan ruwa ya sauka, kofi ya yi kyau, cukuna kuwa yana ƙarewa a kasuwa kafin rana ta yi tsaka.

Yaya, akwai magana, amma ki bar ta a cikinki. Kin san Don Aristides, direban jif ɗin da ke kai mu kasuwa ran Asabar, wanda matarsa ta rasu shekarar da nawa mijin ya rasu. To, mutumin nan ya kamu. Bai furta ba tukuna, amma ni ba yarinya ba ce. Duk cikar motar nan, ga buhuna, ga kaji, ga maza sun maƙale a baya, wuri ɗaya ne ba mai zama: bencin baya, daidai kan taya. Nawa ne. Har matashi ya sa mini. Ran nan na makara wajen sayayya, mutane suna ta ƙunƙuni, ya ce, "Ko Fada na coci ne ya ce in tashi, ba na hawa Tudun Alfadari babu Doña Eufemia." A gaban kowa, Yaya! Ga shi kullum da ƙunshin wainar masara da soyayyen nama, yana cewa, "Ci mana, Doña, ci ki ƙara."

Sai dai likita ya ce jinina ya hau, in bar kitse da mazarƙwaila, in rage jiki. Na karɓa hannu bibbiyu, don ba na so tela ta ce yadin rigar aure bai isa ba. Naman nasa yanzu kare nake ba a ɓoye. Ki taya ni addu'a bakin mutumin nan ya buɗe.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Eufemia

Zuwa ga Yaya Lucinda,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ni jikina lafiya, amma raina a ɓace yake. Wasiƙar da na aiko miki kwanakin baya ki ƙona ta.

Na rame, Yaya, har sai da na tsuke siket ɗina sau biyu. Da Don Aristides ya fara kallona da damuwa yana ninka ƙunshin nama, na ɗauka tausayi ne irin na mai so. Asabar ɗin da ta wuce muna dawowa, ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka iso kwanar nan ta Tudun Alfadari. Tayoyin baya suka shiga juyawa a wuri ɗaya suna watsa laka, motar ta ja da baya ta jingina da gaɓar hanya. Ba wanda ya ji ciwo. Sai Don Aristides ya diro zai sa dutse a bayan taya, santsi ya kwashe shi ya gangara gonar ayaba, cinyarsa ta karye.

Ina kuka ina kiran sunansa, sai Rosalba mai sayar da ƙwai ta juyo kaina. "Eufemia, ke kika jawo! Wa ya aike ki ramewa da damina?" Na ce mene ne haɗina da laka? Ta ce, "Kai, jama'a! Taya tana kama laka ne in ba nauyi a kanta? Kowa ya san aikinki a motar nan, har kajin nan sun sani." Wani tsoho kuma, da ba wanda ya tambaye shi, ya ce kafin in fara shiga motar, da buhunan siminti ake hawa tudun.

Siminti, Yaya! Duk kwalliyar da nake yi ran Asabar, ashe siminti na gada. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, don kowa ya ɗauka na sani. Da ƙafa na ƙarasa gida cikin ruwa, kuma na rantse ko a kan alfadari zan riƙa kai cuku. Jibi zan je asibiti in faɗa masa abin da ke raina tun yana kwance ba halin gudu.

Taki cikin baƙin ciki,
Eufemia

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri, a shafa mini kan yara. Ki yafe mini dogon shirun nan, abubuwa ne suka yi yawa.

Na je asibitin kamar yadda na ce. Na same shi kwance rigingine, an ɗaga ƙafar sama, an ɗaura mata igiya ta bi ta kan ƙarfen gado, ga jakar yashi tana reto a ƙarshenta tana jan ƙashin don ya miƙe. Na ce, "Sannu, Don Aristides. Ashe ka samu wadda za ta maye gurbina." Bai yi musu ba, wanda ya ƙara ba ni haushi. Ya ce, "Doña, ba zan yi miki ƙarya ba. Ranar da na fara ganinki a tasha na gode wa Allah, na sayar da simintina." Na ɗauki jakata zan fita. Ya ce, "Tsaya mana. Da rani fa? Hanya ta bushe, ko fanko motar nan tana hawa. Wa nake jira da rani?"

Na tsaya a bakin ƙofa ina tunani. Gaskiyarsa ne, Yaya. Ko da rani bai taɓa tashi babu ni ba. Na ce to naman fa? Ya ce, "Naman na motar ne. Matashin nawa ne." Na fita, amma washegari na koma da romon kaza, na kuma ci gaba da komawa har aka kwance masa igiyar.

Asabar ɗin nan ya dawo aiki yana ɗingishi. Na zo tasha da shirin alfadarina, sai na ga buhunan yashi biyu a kan bencina na da. Ya zagayo da sandarsa ya buɗe mini ƙofar gaba, ga matashina a kujerar da ko Fada sai ya roƙa. Ya cire hula ya faɗi maganar aure a gaban kowa. Rosalba har da hawaye, munafuka.

Da muka iso kwanar Tudun Alfadari, tayoyin suka fara juyawa. Yashin bai isa ba. Kowa a motar ya sami wurin kallo, wani sama, wani takalminsa. Shi kuwa ya riƙe sitiyari gumi na keto masa, ya gwammace mu kwana a wurin da ya dube ni. Na ce, "Taka birki, Aristides." Na sauka cikin laka, na zagaya na hau kan buhunan na zauna daram, na ce, "To, ja mu je." Motar ta yi gurnani ta haye. Ashe da saurana.

Biki bayan an gama tsinkar kofi. Ki zo da wuri, kuma in kin sayi yadin ki ƙara kaɗan. Likita ya ce rage jikin iya nan ya isa, ni ma na ce ya isa, don tudun nan ba inda zai je.

Ƙanwarki mai farin ciki,
Eufemia