Gawar da Hannunta Ke Rawa

Litinin, 2 ga Oktoba

Malama Tsai ta ba mu aikin zango: buɗewar fim mai tayar da hankali, minti biyu, kada ya wuce. Rabin makin darasin kenan. Na kwafe ƙa'idojin daga allo. Wuri na yau da kullum, amma abu ɗaya ba daidai ba. Sauti ya riga hoto. Kada a nuna fuskar mai laifi. A bar tambaya ba amsa. Ta ƙarshen ta ja mata layi biyu: alamar da za ta warware komai tana cikin minti na farko, mai kallo ya gan ta da idonsa amma bai lura ba.

"Kuma wani ya mutu kafin sunan fim ya fito," in ji ta. "Ba dole ba ne, amma ku ba ku kai karya doka ba tukuna."

An haɗa ni da Hung-yi. Ya iya kyamara, sai dai camfi ya yi masa katutu.

Laraba, 4 ga Oktoba

Ba mu da gawa. Duk ajin babu mai yarda ya kwanta. 'Yan jami'a fa!

Alhamis, 5 ga Oktoba

An samu. Kakana, Agong, ya ji ina mita a shagonsa na faten shinkafa da kifi, ya leƙo daga bayan tukunya.

"Kwanciya ce kawai? Ke A-Shan, shekara arba'in ina neman wanda zai ce in kwanta da rana. Amma kada kakarki ta ji."

Kakata, Ama, za ta wajen ƙanwarta a garin Chiayi ran Asabar. Shi kenan.

Asabar, 7 ga Oktoba

Mun ɗauka da hantsi, bayan an rufe shago. Tsarin ya yi min kyau ƙwarai: rediyo na karanta yanayin gari, fate na tafasa har yana zuba kan wuta, ludayi yashe a ƙasa, sannan kyamara ta gangara a hankali bayan kantar shago, sai ga hannun mutum.

Hannun ne ya ƙi. Babban yatsansa na dama sai murza ɗan'uwansa yake, kamar mai barbaɗa gishiri. Sau goma sha huɗu muka maimaita. Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya.

"Agong, gawa ba ta motsi!"

"To ni ban taɓa mutuwa ba, a yi min uzuri."

A na ƙarshen na jefa tsumma na rufe yatsun, muka wuce wurin.

Muna naɗe wayoyi Hung-yi ya raɗa min wai na kawo jan ambulan na kuɗi? Duk wanda ya fito a gawa ana danƙa masa shi kafin ya tashi, ko da sulalla ɗaya ne a ciki, don kada abin ya bi shi gida. Na ce kakana ne, ba ɗan wasan haya ba, kuma darasi muke yi ba bori ba. Agong ya ɗan tsaya yana goge hannu a gaban rigarsa, sannan ya tafi wanke tukunya.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Mai madarar waken suya ta maƙwabta ta kai wa Ama rahoto tun kafin ta ajiye jaka.

Ba kwanciyar ce ta fi ƙona mata rai ba, rashin ambulan ɗin ne. "Baƙo ma ana ba shi! Kin kwantar min da miji a ƙasa, kin tashe shi hannu rabbana. Wannan ne karatun?"

Na ce Ama, takarda ce fa kawai. Tun daga nan ba ta sake kallona ba. Abincina ma sai na zuba da kaina.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na wuni a ɗakin haɗa fim. Ina neman ko daƙiƙa huɗu da hannun ya tsaya cik, don tsumman ya yi muni. Babu, duk goma sha huɗun.

Can na bar ɗauka ta tara ta ci gaba da tafiya har bayan inda na ce a yanke. Agong ya tashi, ya ɗauki ludayi, ya juya fate. Hannu lafiya lau. Ya koma ya kwanta, rawa ta dawo. Na duba ta uku, haka. Ta sha ɗaya, haka. Da wasa yake yi min, da na ga dariya a bakinsa, na san shi.

Na buɗe bidiyon bikin Sabuwar Shekara a wayata. Duk inda ya zauna, hannun dama na ƙarƙashin tebur ko cikin aljihu. Ni na ɗauki bidiyon.

Na daɗe zaune, har mai ɗakin ya zo ya ce lokacina ya ƙare.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na nuna wa Agong a waya. Ya kalla har ƙarshe.

"Ashe kyamarar taku tana da ido. Tun bara ne. In ina aiki ba ya yi, to mene ne?"

Ama ta ce rashin jan ambulan ne ya jawo, ba wani abu ba.

"Haba, tsohuwa," in ji shi. "Ambulan na Asabar, rawa tun bara?"

Ta shige ɗaki. Sai a lokacin na lura duk rigunansa na aiki babu mai maɓalli ko ɗaya. Ita ta sauya su, ban san yaushe ba. Ta sani kenan, tana dai neman wanda za ta ɗora wa. Ni ce kaɗai a gidan ban gani ba, ni da ake koya wa kallo. Kunya ta ishe ni.

Litinin, 16 ga Oktoba

Asibiti. Da ƙyar ya yarda ya hau bayan babur ɗina. Likita ta kalli ɗauka ta tara sau biyu, ta sa shi tafiya, ta sa shi rubutu. Cutar nan ce ta rawar jiki, ba ta warkewa, sai dai a rage mata gudu da magani. Ta ce gara da aka zo yanzu.

Tambayarsa ɗaya: wuƙar cire ƙayar kifi fa? Ta ce a hankali dai, kuma ya fara neman mai karɓar aikin.

Muka kama hanyar gida. Ina jin yatsun a kafaɗata.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Mun nuna fim. Na cire mai tsumma, na sa ta tara. Kyamara ta gangara, hannu na rawa, sunan fim ya fito.

"Pei-shan, gawarki tana motsi," in ji Malama Tsai, da cikakken sunana.

"Ba gawa ba ce, Malama."

"To wa ya mutu?"

"Babu."

Wata daga baya ta ce, to zai tashi? Malama ta yi rubutu mai tsawo. An rage mana maki, Hung-yi na ta kumbure-kumbure. Oho.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na sayi jan ambulan. Don Ama ta daina zagaye ni ne kawai.

Ta ce ba haka ake yi ba, sai ya koma inda ya kwanta. Agong ya kwanta bayan kantar yana cewa wannan aikin fim da daɗi yake. Na sa masa a tafi, takardar ta dinga ƙas-ƙas a hannunsa. Na riƙe hannun da nawa biyu har ya miƙe. Ama ta zuba min fate, har da cikin kifin, ɓangaren da ya fi daɗi.

Goma-goma ake sayar da ambulan ɗin, shi ya sa sauran ke cikin jakar kyamara. Babu wani dalili.

Gobe ƙarfe biyar zan sauka shago. Sautin wuƙa nake son ɗauka. Agong ya ce in zo da rigar da ba na so, aikin kifi na ɓata kaya.