Atamfar Tana Akwati Har Yanzu

Zuwa ga Gwaggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya gida, yaya su Nafisa? Mu nan Kafur lafiya lau, ana ta yankan dawa.

Gwaggo, an sake ɗaga aikin ƙashin bayana. Likita ya ce wa Baba yara da yawa suna gabana, mu jira kira. Matan unguwa sun zo sannu har da fura, da suka tafi gidan ya yi shiru. Ƙawayena duk suna gona, ni kuwa in na daɗe tsaye numfashi yake gagarata.

Atamfar da kika aiko mini tana akwati. Inna ta ce ba za a yanka ba sai bayana ya miƙe, kada awo ya ɓaci. Sallah ta wuce ban fita ba. Yanzu ga bikin ƙawata Sa'a ya matso. Na kasa yi wa Inna maganar, don kuka take yi. Amma tana jin taki. Don Allah ki ce a ɗinka mini a yadda nake.

Ki sa ni a addu'a. Ina gaida kowa.

'Yarki,
Rabi