Hatimin Yayanki Yana Cikin Tulun Shinkafa

Zuwa ga 'yata Michiyo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da jikata Sae. Kowace safiya idan na kunna turare gaban hoton marigayi mahaifinki sai na roƙa muku lafiya, kuma ina haɗawa da ƙafata ta hagu mai ciwo, ko za ta samu rabo. Damina ta sauka a Hamamatsu, wanki ya ƙi bushewa. Gwaggonki Tokiko ta fito daga asibiti, har ta koma gulmarta, alamar ta warke.

A wasiƙarki kin ce da kika ba maigidanki labarin yayanki Shinsuke, ya ce a Turanci akwai maganar da suke yi, wai ana ƙara wa mutum wuta don ya gaji ya saki. Ki gaishe shi, ki ce maganar ta yi, amma mutanenmu ba sa nuna wutar. Shekara talatin da ɗaya Shinsuke yana kamfanin nan, ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya har yau. Da farko sun matsar da teburinsa bakin taga. Daga nan suka daina kiransa taro. Yanzu sun sauke shi wani ɗaki a ƙasa, babu taga babu waya, shi da wasu mutum uku da ba sa iya kallon juna. Duk Juma'a shugaban sashensu yakan sauko, ya sunkuya masa da ladabi, ya tambayi lafiyata, sannan ya ajiye takardar murabus a gefen tebur kamar mantuwa ya yi. Ba za su kore shi ba, wai abin kunya ne gare su. So suke ya buga hatimin sunansa a takardar da hannunsa, a ce shi ya nema.

Wata biyu da suka wuce ya zo ranar Lahadi, ya sha shayi, ya yaba kabejina mai tsami wanda na san bai taɓa so ba. Da zai tafi sai ya ciro hatiminsa na kamfani ya sa a tafin hannuna, ya ce, “Mama, ki ɓoye mini. Ko na zo ina roƙo, kada ki ba ni.” Na ce masa tun yana yaro alewa kawai nake ɓoye masa, ita ma yakan gano. Bai yi dariya ba. Na naɗe hatimin a ƙyalle na tura cikin tulun shinkafa.

To, shekaranjiya matarsa Kazuyo ta zo. Ta ce abincin da take ɗaure masa yana dawowa yadda ya tafi, ta ƙara huda biyu a bel ɗinsa, kuma ranar Talata ta leƙa ta taga ta gan shi tsaye a ƙofar gida da jakarsa kusan rabin awa, bai tafi ba bai shigo ba. Jiya kuma ya bugo mini waya, ya yi ta zancen ruwan sama, can ƙarshe ya tambaya ko shinkafata ta kusa ƙarewa. Kin ga ya gano.

Na yi masa alkawari, kuma ban saba karya alkawari ba. Amma alkawarin na yi wa mutumin da yake cin abinci. Lahadi zai zo, kafin wannan takarda ta iso ki. Zan dafa shinkafa daga tulun, in ajiye hatimin kusa da kwanonsa, in koma kicin. Idan ya bar shi, zan mayar. Idan ya ɗauka, ba zan ce komai ba. Ke dai ki kira shi, kuma kada ki tambaye shi aiki. Ki tambaye shi abin da ya ci.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan Sae. Tokiko da Kazuyo suna gaishe ki.

Mahaifiyarki,
Fusae